Kilo Huɗu Daga Tumbin Kwamanda

Yayana mutum ne da Allah bai taɓa nufa ya ji ƙarshen magana ba. Kafin ka kai rabi ya ce maka "ai na sani", shi ya sa duk layinmu ba wanda ke kiransa da wani suna sai Na-Sani. Sanin nan nasa ya kore shi daga wurin aiki har sau biyar, kuma duk lokacin da aka kore shi, doguwar kujerar falona ce ke karɓar baƙo. Zamansa na ƙarshe wata goma sha ɗaya ya yi a kanta. Sai da ya yi mata rami daidai ƙugunsa, ya koya wa maigidana yadda ake aske gemu, ya kuma koya mini ɗinki, ni da na shekara ashirin a kan keke.

Saboda haka ranar da Mai Bene, dattijuwar da ta mallaki dogon gidan hayar nan na bayan shagona, ta ɗauke shi aikin kula da gida har da ɗaki a bakin ƙofa, na yi kukan farin ciki ban ɓoye ba. Na sa aka ɗinke ramin kujerar, na sayo mata sabuwar riga.

Mai Bene tana da karen gadi da ake kira Kwamanda. A da, in ya yi haushi har tagogi sai sun amsa. Amma shekaru da biskit mai maiƙo sun taru sun yi masa taron dangi, ya koma in zai tashi sai ya yi shawara da kowace ƙafa ɗaya bayan ɗaya. Ana saura kwana biyu Mai Bene ta tafi wurin ’yarta da ta haihu, ta kira likitar dabbobi ta duba shi, ni kuma na kawo wa Yaya abincin rana, komai a gabana aka yi. Likita ta auna Kwamanda a faffaɗan sikelinta na mota, ya yi kilo arba’in da takwas. Ta ce a janye biskit gaba ɗaya, a rage masa abinci, a riƙa zagayawa da shi safe da yamma. In za a ba shi ɗan abin lasawa, a ba shi kayan marmari: kankana da aka cire wa ’ya’ya, tuffa ban da tsakiyarta, ayaba ’yar kaɗan, yanka uku ƙanana a rana. Inabi kuwa ko ƙwaya ɗaya kada ya kusanci bakinsa, don guba ne ga kare.

Ta ɗauko ƙaramin sikelin da mutane ke hawa a banɗaki, ta fara nuna wa Yaya yadda zai riƙa auna shi duk sati: ya hau shi kaɗai ya karanta, ya ɗauki karen ya sake hawa, ya cire na farko daga na biyu. Tana cikin cewa a kowane awo dole ya fara da auna kansa, Yaya ya ɗaga mata hannu ya ce ai ya sani, shi da ya taɓa aiki a inda ake auna manyan motoci.

Mai Bene ta dube shi ta saman tabarau.

“Sati shida zan yi. In na dawo na tarar Kwamanda ya koma arba’in da huɗu, ɗakin nan naka ne har ka gaji da shi. In bai koma ba, ka ajiye mini makullina.”

Ni kujerata na tuna. Shi kuwa dariya ya yi, ya ce kilo huɗu ai raini ne, ta yi hattara kada ta dawo ta ɗauka ɗan kwikwiyo aka sayo mata.

Ranar tafiyar Mai Bene, motar da ta ɗauke ta ba ta gama shan kwana ba ya ari allin da nake zana yadi da shi, ya hau sikeli, ya rubuta casa’in da biyu a bangon ɗakinsa da manyan lambobi. Na ce masa likita fa ta ce duk sati zai riƙa auna kansa. Ya ce nauyin cikakken namiji ba farashin tumatir ba ne da zai riƙa hawa da sauka, tun yana ɗan shekara talatin casa’in da biyu yake, kuma a haka za a ɗauke shi. Ya ce in je in ji da zare da allura, in bar wa masu lissafi lissafi.

Lissafin nasa na farko shi ne: in yanka uku na rage ƙiba, yanka talatin zai rage ta sau goma. Washegari ya tare mai kayan marmari da ke turo baro a layinmu, ya zazzage rabin kayansa a tsakar gida. Ya shimfiɗa farin ƙyalle a kan tebur, ya ɗaura wani a ka, ya zauna yana cire ’ya’yan kankana da tsinke ɗaya bayan ɗaya. Ya niƙa ayaba da gwanda ya zuba a marfin kwalabe ya daskarar a firjin ’yan hayar hawa na biyu, ya yanka mangwaro siri-siri ya shanya a igiyar wankin ’yan hawa na uku, har matar gidan ta wayi gari ƙudaje sun yi sansani a kan rigunan mijinta. Da ta yi magana, ya ce mata ta gode wa Allah, a wasu ƙasashe sai an biya kafin kaya su yi ƙamshin mangwaro.

Gaskiya ɗaya zan faɗa a kansa: maganar inabi ta zauna masa. Mai askin da ke kallon ƙofar gidan ya sayo inabi wata rana, ya tsinko ƙwaya uku zai jefa wa Kwamanda, Yaya ya yi tsalle ya cafe su a sama ya watsa a bakinsa. Daga nan ya karɓe sauran ledar gaba ɗaya ya cinye a tsaye, wai don kada wata ƙwaya ta gangara. Mai aski ya ce da ya sani da ya ce naman da ya sayo ma guba ne, ya ga ko za a taimaka masa da shi. Yaya ya ce kada ya damu, in ya kawo zai duba.

Haka ya mai da cikinsa kwandon shara. Tsakiyar tuffa shi ke cinyewa, ’ya’yan kankana shi ke taunewa, kuma kowane sabon haɗi sai ya ɗanɗana rabi tukuna, wai ba ya ba wanda ke ƙarƙashinsa abin da bai gwada ba. Gwanda ba ta san girma ba. Kwana huɗu ya yi yana sintiri tsakanin tebur da banɗaki, in ka gaishe shi sai ya amsa maka daga nesa yana sauri. Abincin ranar da nake kai masa kuwa, kafin ya fito Kwamanda ya buɗe kwanon da hanci ya yi masa adalci. Yaya ya ce ba komai, ai kare mai aiki yana buƙatar ƙarfi.

Zagayen safe da yamma ya zo da nasa. Ranar farko Kwamanda ya yi taku bakwai ya kwanta a tsakiyar titi, wata motar ɗaukar yashi ta tsaya tana ta ƙaho, shi ko kunne bai motsa ba. Yaya ya ja, ya tura, ya yi lallashi, ya yi barazana. Daga ƙarshe ya aro baron magina, mutum uku suka taya shi ɗora karen, ya tura shi ya zagaye unguwa sau biyu, har da hawan tudun nan na bayan makaranta. Da mai aski ya tambaye shi wanne ne ke motsa jikin a cikinsu, Yaya ya ce jahilci ne ke sa mutane su ɗauka ƙafa ke ƙona kitse, alhali iskar da ke bugun fata ce ke narkar da shi. Tun daga ranar, safe da yamma za ka ga Kwamanda a kishingiɗe cikin baro yana kallon gari, Yaya a baya gumi na tsiyaya daga haɓarsa.

Ƙarshen satin farko ya tara ’yan haya shaida. Ya durƙusa, ya rungumi karen, ya miƙe da ƙyar jijiyoyin wuyansa a waje, ya hau sikeli, mai aski ya leƙa ta ƙarƙashin tumbin Kwamanda ya karanta ɗari da talatin da tara. Yaya ya cire casa’in da biyun bango, ya sanar da cewa kare ya koma arba’in da bakwai. Sati na uku aka samu ɗari da talatin da takwas. Ya fara cewa in Mai Bene ta dawo zai nemi ta ba shi garejin baya ya buɗe asibitin rage wa karnuka ƙiba, har ya fara tsayar da masu karnuka a hanya yana latsa haƙarƙarin dabbobinsu ba tare da an tambaye shi ba.

Ni tela ce, idona ma’auni ne. Na ga madaurin wuyan Kwamanda ya nutse cikin nama har ba a ganinsa, na kuma ga wandon Yaya ya fara tattarewa a ƙugu yana neman ƙasa. Na ce masa ya kawo in rage masa wandon, in ya so ya hau sikelin nan shi kaɗai ko sau ɗaya don hankalina ya kwanta. Ya ce yadin zamani ne ba shi da amana, da an wanke shi sai ya buɗe. Wuyan kare kuwa ƙwanji ne ke fitowa. Ya ɗauki ƙusa ya ƙara wa bel ɗinsa huda biyu a gabana, ya ce in daina yi masa baƙin ciki don na ga ɗan’uwana zai zama wani abu. Na koma gida na zauna ina kallon kujerata, raina duk a jagule.

A sati na huɗu ya ƙaro sabon ilimi. Ya ce tunda Kwamanda na son kayan marmari, da su zai koya masa ladabin gadi. Ya sa kowane ɗan haya in zai shigo ya miƙa wa karen yanka ɗaya, wai don ya haddace fuskokin ’yan gida ya bambanta su da baƙi. Kwamanda ya haddace darasin, amma ta tasa fahimtar. Kwana uku kacal ya kwashe kwanansa daga inuwa ya dawo ya kwanta a kan dokin ƙofa, ya cika ta daga wannan gefe zuwa wancan. In ka miƙa, ya ɗage ƙafa ka wuce. In ba ka miƙa ba, ya buɗe ido ɗaya ya yi wani gurnani daga can ƙasan tumbi, dole ka ja da baya. Malamin makarantar da ya shekara tara a gidan sai da ya kwashe awa biyu a waje da jakarsa, ranar da ya manta. Mai kayan marmari kuwa, da ba ɗan gida ba, yana shiga har hawa na uku ya fito ba mai ce masa kanzil.

Da yake ba kowa ke yawo da kankana a aljihu ba, mutane suka fara biya da abin da ya sawwaƙa. Mai burodi ya jefa burodi, mai ƙashi ya jefa ƙashi, wata baiwar Allah da ta matsu ta sadaukar da cinyar kaza. Kwamanda bai taɓa mai da kyauta ba. ’Yan haya suka yi wa Yaya ca, ya ce su yi haƙuri, tsaro ba ya samuwa kyauta, kuma ko shi kansa da ke riƙe da makulli sai ya miƙa yake shiga.

Ranar dawowar Mai Bene ya wayi gari yana jera bencina a ƙofar gida. Ya gayyato duk layin, har da masu karnukan da yake fatan za su zama kwastomominsa, ya kira likita ya ce ta zo ta ƙaru. Ya sa fararen kayansa na zuwa wurin neman aiki, ya ja bel zuwa huda ta ƙarshe. Ni na zauna a can gefe, maigidana kusa da ni yana ta motsa baki, na san addu’ar kujera yake yi.

Da hantsi tasi ta sauke Mai Bene. Ta nufi ƙofarta da fara’a tana kiran Kwamanda da sunan da take kiransa tun yana kwikwiyo. Ya kaɗa wutsiya sau biyu, ya shinshina jakarta, ya shinshina hannunta, bai ji komai ba, sai ya gyara kwanciya ya buɗe ido ɗaya. Ta matsa dama, ya yi gurnani. Ta matsa hagu, ya ƙara. Daidai nan mai kayan marmari ya zo da tire zai kai wa ’yan hawa na biyu lemo, ya ce mata ta ɗan gafara, ya jefa yankan gwanda, ya wuce ciki abinsa. Mai aski ya ɓare ayaba ya miƙa mata a ladabce.

“Baba, haka ake yi yanzu. Ba a shiga hannu rabbana.”

Ta riƙe ayabar tana kallon Yaya. Shi kuwa ya ce ta ga irin tsaron da ya kafa, ko mai gida ba a ɗaga wa ƙafa, balle ɓarawo. Kafin ta buɗe baki ya jawo sikeli tsakiyar fili, ya nannaɗe hannun riga, ya durƙusa ya rungumi Kwamanda. Sau biyu yana yunƙurawa yana komawa. A na uku ya ja numfashi ya shafe ciki ya miƙe, ya taka sikeli, wandon kuma da ya daɗe yana neman hanya ya samu, ya sulale har idon sawu.

Wata tsohuwa ce ta fara dariya, kowa ya ɗauka. Yaya yana tsaye, hannu biyu cike da kare, siraran ƙafafunsa na rawa cikin gajeren wando mai zanen kifi da ni na ɗinka masa da ragowar yadin labule. Bai saki karen ba. Ya daka wa mai aski tsawa ya bar dariya ya karanta. Mai aski ya share hawaye ya leƙa, ya ce ɗari da talatin da shida.

“A cire casa’in da biyu,” in ji Yaya yana haki. “Arba’in da huɗu cif. Jama’a ku shaida.”

Likita ta ce ya sauke karen, amma shi kada ya sauka. Ya ce ai ya san nauyinsa, yana rubuce a bango. Ta ce bango ba ya hawa sikeli. Ya sauke Kwamanda, ya sunkuya ya ja wandonsa ya riƙe da hannu ɗaya, mai aski ya sake leƙawa, ya ce tamanin da uku. Aka jawo faffaɗan sikelin likita daga mota, aka yaudari Kwamanda da yankan kankana ya hau. Kilo hamsin da uku.

Ranar wanka ba a ɓoyon cibi, amma Yaya sai da ya gwada. Ya ce sikelin likita rana ta buge shi. Ya ce kayan marmarin ne ba su gama narkewa ba, a dawo bayan awa biyu. Da ya ga ba wanda ya karɓa, sai ya gyara tsayuwa ya ce a duba da idon basira: da shi da Kwamanda sun fara da ɗari da arba’in, yau suna ɗari da talatin da shida, kilo huɗu sun fita daga gidan nan kamar yadda aka nema. Ya ce a sati shidan nan shi da karen sun ci tare, sun zagaya tare, sun zama abu ɗaya, ba adalci ba ne a raba su a kan sikeli.

Mai Bene ta saurare shi har ƙarshe, abin da shi bai taɓa yi wa kowa ba. Ta miƙa hannu ya saka mata makulli.

“Tunda kun zama abu ɗaya, ba zan raba ku ba. Ni ban gina gida don in riƙa ba da cin hanci kafin in shiga ba. Ka tafi da abinka. Ranar da ya koma arba’in da huɗu a sikelin likita, ya kuma bar tare ƙofa, ku dawo tare.”

Da la’asar na hango baro ya shawo kwanar gidana, Kwamanda a kishingiɗe, jakar Yaya a kan cinyarsa, sikeli a rataye a hannun baron. Maigidana ya tashi ya cire wa kujera sabuwar rigarta ya ninke.

Wata biyu ke nan yanzu. Ni ke jan Kwamanda da ƙafafunsa safe da yamma kafin in buɗe shago da bayan na rufe, ni ke yanka masa tuffa yanka uku ƙanana, in ɓoye sauran a inda Yaya ba zai gani ba. Madaurin wuyansa ya fara fitowa fili, likita ta ce ya dawo arba’in da takwas, saura huɗu in ga bayan su biyun. Yaya kuwa ya koma wa tukunyata da zuciya ɗaya, wandon da na rage masa har ya fara kuka a ɗinki. Ya rubuta tamanin da uku da allina a bangon falo, sama da kujera.

Jiya na dawo daga shago a gajiye na tarar da shi a kan sikeli rungume da kare, maigidana a durƙushe yana karanta masa ɗari da arba’in. Ya sauke Kwamanda, karen ya tako ya kwanta a kan dokin ƙofata ya buɗe ido ɗaya. Yaya ya dubi bango, ya ƙirga da yatsu, ya girgiza kai cike da takaici.

“Hamsin da bakwai, ƙanwata. Kin lalata mini aikin sati shida. Daga gobe ki bar mini karen nan a hannuna.”

Na laluba jaka na ciro yankan ayaba na miƙa wa Kwamanda, ya ɗage ƙafa, na shiga gidana.